Amsa: Yara sun kwanta a ajin renon ɗiyata, korona ce?

'Yar'uwa, kin ce yara da dama a ajin renon ɗiyarki sun kwanta cikin mako ɗaya, kina tambaya ko korona ce, kuma ko ki tsare ta a gida. Allah Ya ba su lafiya.

Kada hankalinki ya tsaya kan korona kaɗai. Ni ƙyanda ce ta fi tayar mini da hankali. Kullen korona na 2020 ya katse rigakafin yara a ƙasashe da yawa, har hukumar lafiya ta duniya (WHO) da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya (UNICEF) suka ce yara miliyan 25 ba su samu cikakken rigakafin yau da kullum ba a 2021. Ita kuwa ƙyanda, ƙwayarta tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi, kusan 9 za su kamu. Abin da ya fi muni, yaro yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin kowa na zaton mura ce. Don Allah ki ɗauko katin rigakafin ɗiyarki yau, allurar ƙyanda biyu ake so.

In amai da gudawa ne suka addabe su, man goge hannu bai isa ba, sai sabulu da ruwa. Wanda ya kamu ya zauna gida kwana 2 bayan ya warke.

In jikin ɗiyarki ya yi zafi, ko idonta ya yi ja da tari, ta zauna gida, a kai ta asibiti, ki kuma sanar da malamarsu.