Gam ɗin feshi zai riƙe yadin gefen teburin sunuka?

Ka tambaya ko za ka iya manna sabon yadi a katakon gefen teburinka da gam ɗin feshi kawai. Malam, ban ba ka shawarar haka ba. Yadin gefe so yake a ja shi ya miƙe sosai, kuma abu biyu ke riƙe shi: siririn katako ko roba da ake dannawa cikin tsagin da ke sama, sai ƙusoshin sitefula ta ƙasa. Gam kuwa idan ya ji zafi yakan saki, yadin ya yi laushi.

Babban haɗarin shi ne gam ya taɓa fuskar robar gefen teburin da ƙwallo ke bugawa. Da zarar yadi ya manne a nan, ƙwallo ba za ta riƙa dawowa daidai ba.

Inda gam ɗin feshi irin su 3M Super 77 ke da amfani shi ne gefen dutsen teburin (faffaɗan dutsen da ake shimfiɗa yadin filin wasa a kai) da babu katako a ƙarƙashinsa, ko ɗan naɗin yadi a bakin ramin da ƙwallo ke faɗawa. Fesa kaɗan a ɓangarorin biyu, jira ya fara danƙo, sannan ka ja ka danna. Rufe saman yadin da takarda tukuna, ka buɗe taga, kuma kada a kunna wuta kusa.