Tambaya da Amsa: Makin Insha'i

Tambaya: Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Tudun Wada, Zariya. Ɗalibaina na ƙorafin son kai a makin insha'i. Ina mafita?

Amsa: Malama, ki tsara jadawalin maki kafin ki ba da aikin, ki rubuta shi a allo. In maki 20 ne: saƙo 8, tsarin sakin layi 4, zaɓen kalmomi 4, ƙa'idojin rubutu 4. "Da kyau" ba ma'auni ba ne. Ki fayyace: kuskuren ɓ, ɗ, ƙ bai wuce uku ba, maki 4. Ki duba sashe ɗaya na jadawalin a duk takardun kafin na gaba, don kyan rubutun hannu yakan ruɗi mai dubawa. A ƙasan takarda gyara ɗaya ya isa. In jan biro ya yi yawa, yara maki kawai suke kallo.