Baka: daga na maharbi zuwa na magini da na rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Garwa. Ɗalibata ta tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa bakan gizo, alhali baka abin harbi ne. Na kuma ji magini ya kira lanƙwasar zaure da wannan suna. Kalma ɗaya ce ko dabam-dabam?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kalma ɗaya ce, kuma tushenta bakan maharbi: sanda da aka tanƙwara, aka ɗaure bakinta biyu da tsirkiya. Daga wannan siffa Bahaushe ya ari sunan ya ba duk abin da yake da ƙafa biyu da gadon baya a lanƙwashe. Shi ya sa ba kowace lanƙwasa ake ce wa baka ba. Hanya idan ta karkata, kwana ce. Abin da ya zagayo ya haɗe, da'ira ne ko zobe. Baka yanki ne na da'ira, yana da mafari da maƙura. Ki lura kuma namiji ne duk da ya ƙare da "a": bakan maharbi, ba bakar maharbi ba. Jam'insa bakunkuna.

Bakan gizo na sama, ma'anarsa bakan Gizo, wato Gizon tatsuniya. Ana kuma ce masa masha ruwa, don yakan fito lokacin da hadari ya yage rana ta leƙo, sai a ga kamar shi ya shanye ruwan. Ga abin da za ki gaya wa ɗalibarki: hasken rana ne ke shiga ɗigon ruwa, ya karye, ya dawo a rarrabe launi bakwai, ja a waje. Dole rana ta kasance a bayan mai kallo, kuma ba ta haura digiri 42 daga ƙasa ba. Saboda haka da la'asar a gabas ake ganinsa, da safe a yamma, da tsakar rana kuwa ba ya fitowa. Wani lokaci na biyu yakan bayyana a samansa, dishi-dishi, launukansa a juye.

Akwai bakan shiɓa, wanda iyayenmu mata na wannan yanki na auduga suka sani sarai. Bayan an gurje auduga an fitar da angurya, sai a sa tsirkiyar ɗan ƙaramin baka a cikinta a riƙa fizga, har ta tashi ta yi laushi, sannan a kai ga mazari.

Na magini shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, don da shi ginin ƙasa na Hausa ya yi suna. Azara, wato tsagin kututturen giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufin soro idan tazarar ta wuce kusan mita biyu. To yaya za a rufe zaure mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba? Sai a tayar da ƙafa daga kowane bango. A dasa azara a jikin bangon tana ɗan leƙowa ciki, a ɗaure ta tamau da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bar ta ta bushe. Sannan a ɗora wani jeri a kanta, ya leƙo fiye da na farko, kusurwarsa ta ƙara kwanciya. Haka ake hawa daki-daki har ƙafafun biyu su gamu a tsakiya, a ɗaure su da wasu azarori a kwance. Wannan shi ne bakan gizo. Idan biyu suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, an sami ɗaurin guga, kamar yadda ake gicciya sanduna a bakin gugan rijiya. Wanda ke son ganin iyakar gwanintar, Masallacin Juma'a na Zariya ne, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19.

Abubuwa uku ke kashe irin wannan baka. Gaggawa ita ce ta farko: a ɗora jeri a kan ƙasar da ba ta bushe ba, ƙafar ta sunkuya, baka ya fito a karkace, shi ya sa aikin rani ne. Na biyu bango marar kauri a gindi, domin baka yana tura nauyinsa gefe, sai ki ga tsaga ta bi kusurwa. Na uku ruwa. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, ya jiƙa igiya da azara, daga nan gara ta sami hanya. Ko da siminti aka zuba lanƙwasar ƙofa a yau, sunan nan dai ya dace da ita.

A rubutu kuma, alamomin nan ( ) su ne baka biyu. Wajen shifta sai ki ce "buɗe baka", "rufe baka". Larabci ma haka ya yi: ƙausu na harbi, ƙausaini na rubutu.

Inda yara ke ruɗewa shi ne kalmomin da suka yi kama da ita. Bakan harbi, murya tana farawa ƙasa ta hau, wasalin ƙarshe dogo. Amma "ya sa a baka" ko "adabin baka" daga baki suka fito, murya tana farawa sama ta sauka, wasalin gajere. "Baƙa" kuwa launi ce, da ƙ mai lanƙwasa, wadda wayoyi da yawa a nan ba su da ita sai an saka madannin Hausa. "Ba ka" kalmomi biyu ne, a raba su: "zan ba ka", "ba ka zo ba". Ki rubuta huɗun a allo, ki sa kowane yaro ya furta su da ƙarfi kafin ya sa su cikin jimla.