Tambaya da Amsa: Shekara Tara Ban Duba Mara Lafiya Ba, Ta Ina Zan Fara Komawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Dakta. Ni likita ce. Na yi aiki shekara uku a wani babban asibitin gwamnati bayan bautar ƙasa, sai na ajiye aikin a farkon 2016 saboda rainon yara da jinyar mahaifiyata, wadda Allah ya yi wa rasuwa bara. Yanzu ina son komawa, amma lasisina ya daɗe ba a sabunta shi ba, kuma ina fargabar na manta aikin. Wani asibitin kuɗi a unguwarmu ya ce in fara musu aikin kwana a wata mai zuwa. In karɓa? Daga wata likita a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya saka miki da alheri a kan hidimar da kika yi mata. Shawarata ita ce kada ki karɓi wannan aikin kwanan yanzu, ko da kuwa albashinsa ya yi miki daɗi.

Maganar lasisi ita ce mafi sauƙi, don haka mu fara sallamar ta. Doka ba ta yarda likita ya duba mara lafiya a Najeriya ba sai da lasisin shekara daga hukumar MDCN mai rajistar likitoci, wadda hedikwatarta ke Abuja. Ana sabuntawa ta intanet, kuma ana neman shaidar makin kwasa-kwasan ƙaro ilimi guda 20 a shekara. Ki rubuta musu, ki faɗi tsawon lokacin da kika yi ba ki aiki, su gaya miki kuɗin da ke kanki da sharuɗɗan da za ki cika, kuma kada ki sa hannu a takardar magani ko ɗaya kafin lasisin ya fito.

Abin da ya fi damuna shi ne hannunki da idonki, domin takarda ba ta dawo da su. Ni kaina na taɓa barin asibiti shekara uku, kuma har yau ina tuna safiyar da na koma sashen yara, aka kawo wani yaro ɗan wata takwas da gudawa ta tsotse shi, maɗigarsa ta lotsa, idanunsa sun zurma. Na san adadin ruwan da zan ƙara masa ba tare da duba littafi ba, amma na soki bayan hannunsa sau biyu ban sami jijiya ba, gumi yana bin bayana, mahaifiyarsa tana kallona. Wata tsohuwar nas ce ta matso a hankali ta ce, "Dakta, kawo in gwada ta ƙafa," ta kuma samu a karon farko. Da ni kaɗai ce a wurin da ƙarfe biyun dare, ban san yadda za a ƙare ba. Aikin kwana a ƙaramin asibiti ke nan: ke ce likita, ke ce mai yanke shawara, babu na gaba da ke da za ki kira idan mai naƙuda ta fara jijjiga.

Sannan aikin da kika bari a 2016 ya sauya. A ƙarshen shekarar 2016 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awon ciki sau takwas maimakon huɗu. A 2017 ta ba da shawarar a riƙa yi wa mai zubar da jini bayan haihuwa allurar tiraneksamik asid, mai taimakawa wajen tsayar da jini, cikin awa uku da haihuwar. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin masu gudanar da shi. Ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da leda mai ma'auni, tare da haɗa matakan ceto a lokaci guda, yana rage munanan sakamako da kashi 60 cikin ɗari. Maganin farko na masu ɗauke da cutar HIV ya koma haɗin TLD, wato ƙwaya ɗaya mai ɗauke da magunguna uku. Mashaƙo, wanda wataƙila a littafi kawai kika san shi, ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, saboda haka yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya ba abin sallama da maganin mura ba ne.

Hanyar da nake ba ki shawara ita ce ki rubuta wa shugaban wani asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya, irin wadda kuke da ita a Gusau, ki nemi izinin bin wani babban likita na wata uku zuwa shida, ko da ba za a biya ki ba. Ki zagaya sashen agajin gaggawa da ɗakin haihuwa da sashen yara, ki sake kwas ɗin farfaɗo da numfashi da bugun zuciya, ki riƙe littafin da za ki riƙa rubuta duk aikin da kika yi da hannunki, babban likitan yana sa miki hannu. Za ki tarar da waɗanda kika koyar suna ɗalibai sun zama manya a kanki, kuma zuciya za ta so ta sosu. Ki daure ki tambaye su, ki kuma girmama nas-nas da ungozomomi, domin su ne za su fara lura da ranar da hannunki ya daina rawa.

Ki zauna da maigida tun yanzu a tsara wanda zai kula da yara a ranakun da za ki kwana a asibiti. Masu asibitin unguwarku kuma ki gaya musu gaskiya: bayan wata shida za ki zo, kuma da aikin rana za ki fara, a lokacin da akwai wani likita a cikin ginin.