Ridley Scott darakta ne ko furodusa?

Tambaya: Malam, na kalli Gladiator na ga sunan Ridley Scott a matsayin darakta. Sai kuma ga sunan a cikin furodusoshin The Good Wife, shirin talabijin mai dogon zango. Mutum ɗaya ne? In shi ne, yaya yake haɗa ayyukan biyu?

Amsa: Shi ɗin ne, amma aikin ya bambanta. A Gladiator na 2000 shi ya tsaya bayan kyamara yana ba da umarni. A The Good Wife, wanda tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 2009 zuwa 2016, Robert da Michelle King ne suka ƙirƙiri labarin. Sunan Scott ya shigo ne ta kamfanin Scott Free, nasa da ƙanensa marigayi Tony Scott. Babban furodusa irin wannan shi ke ɗaukar shiri ya kai wa tasha, ya haɗa ma'aikata, ya sa sunansa ya zama jingina.

Talabijin ɗin ma ba baƙon wuri ba ne a gare shi, can ya fara. An haife shi a South Shields, arewa maso gabashin Ingila, a 1937. Zane ya karanta, har zuwa Royal College of Art a Landan, ya shiga BBC yana tsara ɗakunan da ake ɗaukar wasa, kafin a ba shi damar ba da umarni a shirin 'yan sanda Z-Cars. A 1968 suka buɗe kamfanin tallace-tallace shi da Tony.

A ganina nan ne makarantarsa ta gaskiya. Talla ba ta ba ka awa biyu, dole hoto ɗaya ya yi magana. Tallar burodin Hovis da ya yi a 1973, yaro yana tura kekensa a kan wani hawa mai duwatsu, har yau Turawan Ingila suna tuna ta. Sai da ya kusa shekara 40 ya fitar da fim ɗinsa na farko, The Duellists, a 1977, ya kuwa ci kyauta a bikin finafinai na Cannes. Alien ya biyo a 1979. Blade Runner na 1982 bai yi kasuwa ba da farko, daga baya aka gane darajarsa.

Hannunsa na zane bai mutu ba. Kafin a je wurin ɗauka yakan zana fitowa-fitowa da kansa: ga inda haske zai faɗo, ga inda jarumi zai tsaya. Sannan ya kafa kyamarori da yawa lokaci guda. Shi ya sa yake da sauri. A 2017, saura makonni a saki All the Money in the World, ya cire ɗan wasa Kevin Spacey, ya sake ɗaukar duk fitowarsa da Christopher Plummer cikin 'yan kwanaki, fim ɗin kuma ya fita a Disambar shekarar.

Ba duk finafinansa ne suka tsaya da ƙafarsu ba. Wani lokaci hoton yakan fi labarin ƙarfi. Amma ka nemi Kingdom of Heaven na 2005, doguwar sigar da shi ya tace, ka ga mutuncin da ya ba Salahuddin, wanda ɗan wasan Siriya Ghassan Massoud ya fito a matsayinsa. Sau 3 ana sa shi takarar Oscar ta gwarzon darakta bai samu ba, abin da nake gani rashin adalci ne, tunda Gladiator ɗin da ka kalla shi ya ci kyautar fim mafi kyau na shekararsa.