Noma a gefen madatsar ruwa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Da rani ruwan dam yakan janye ya bar fili mai danshi. Zan iya shuka a wurin?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, muddin hukumar madatsar ta yarda. Sai dai hawa da saukar ruwan nan ba lissafin manomi suke bi ba. Ana sakin sa don juya injinan lantarki, ana kuma rage shi kafin damina domin a sami wurin tare ambaliya. Saboda haka ka zaɓi irin da zai nuna cikin kwana 60 zuwa 90, kamar wake mai saurin nuna ko kayan lambu. Ka fara daga tudu, inda ruwa ya fara saki, kana bin sa sannu a hankali. Kada ka zuba jarinka a bakin ruwa, nan ne farkon nutsewa. Don Allah kuma a sassauta feshi, domin maganin ƙwari cikin tafkin yake komawa, inda masunta ke kamu, yara ke wanka, masu shaƙatawa ke shiga kwale-kwale. Ka riƙa sa takalmin roba, saboda katantanwar da ke yaɗa tsargiya tana son ruwa mai kwanciya.

Tambaya: Gonata tana ƙasa da dam. Tun da aka gina shi amfani yake raguwa. Me ya jawo?

Amsa: Laka ce ta daina zuwa. A da ambaliya kan shimfiɗa wa fadama sabuwar laka kowace shekara, taki ne kyauta. Yanzu tana kwanciya a cikin tafki. Haka ya faru a Masar bayan kammala madatsar Aswan a 1970: lakar Kogin Nilu ta tsaya a Tafkin Nasser, manoma suka ƙara dogaro da takin zamani. Ka yawaita takin gargajiya, ka bar karmami ya ruɓe a gona. Idan ka ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa, gishiri ne ya taso. Gyara magudana kafin ka ƙara ban ruwa.

Tambaya: An ce dam yana hana ambaliya, amma ruwa ya ci gonata.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Idan tafki ya cika, dole a buɗe ƙofofi don kada ginin ya fashe. Ku haɗu a ƙungiyance ku nemi hukumar ta riƙa sanar da ku kafin ta saki ruwa.