Amsa: Shin ciwon dasashi yana kawo sankarar mama?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce dasashinki na zubar da jini in kina goge baki, kuma kin ji wai hakan na jawo sankarar mama. Ki kwantar da hankalinki tukuna.

Ɗaya daga cikin tushen maganar shi ne binciken Jami'ar Buffalo ta Amurka a 2015, kan mata sama da 73,000 da haila ta ɗauke musu. Masu ciwon dasashi sun fi sauran haɗarin kamuwa da sankarar mama da kashi 14 cikin ɗari, ga waɗanda suka bar taba cikin shekara 20 da suka wuce kuwa ya kai 36. Amma fa matan ne suka faɗi ciwon da bakinsu, ba likita ya duba ba, kuma taba da ƙiba suna rura cututtukan biyu. Alaƙa aka gani, ba a ce wannan ne ya haifi wancan ba.

Jinin dai ba na wasa ba ne. Dattin haƙori in ya daɗe yakan daskare a gindin haƙori kamar dutse, buroshi ko asuwaki ba sa ciro shi, sai likitan haƙori ya kankare. Zai auna ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi: milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, daga 4 akwai matsala. Ki riƙa gogewa sau biyu a rana, minti biyu, da buroshi mai laushi. Kada ganin jini ya sa ki daina, barin ne ke ƙara kumburin.

Kullutu a mama ko ruwa mai jini daga kan nono kuwa, asibiti kai tsaye, ko dasashin lafiya lau yake.